Shekara biyar ina wuce rami ɗaya a Burusel, ina tuna hanyar Kusiri

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa da Ngaundare, da na Kusiri har waɗanda ke tsallaken gada a Injamena. Yau zancen nawa yana da ɗan tsawo sai ku yi haƙuri.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan mun sauko daga masallaci na biya ta layin Stalingrad nan Burusel babban birnin Beljik don in sayi nama, sai na tsaya na ɗauki hoton shantiyen metro, wato wurin da ake aikin ginin, na tura wa Yayana, shi direban babbar mota ne yana ɗaukan kaya daga gar ɗin Ngaundare, wato tashar jirgin ƙasa, zuwa Kusiri wani lokaci har cikin Cadi. Na rubuta masa cewa Yaya ka ga ramin nan, tun 2020 aka kewaye wurin kuma har yau ko jirgi ɗaya bai bi ta ciki ba. Ba a jima ba ya turo mini da murya, ana jin ƙarar mota a bayansa, ya ce "to ƙanena ashe ƙasar Nasara ma haka take, sai mu daina ganin laifin namu kenan, aiki dama haka ya gada". Wallahi maganar nan kwana uku tana cina. Don akwai gaskiya a cikinta, ni da nake nan na fi shi sanin haka, amma in muka ɗauke ta muka rungume to mun ɗinka wa masu wasa da hanyoyinmu babbar riga kyauta su ɓuya a ciki.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Metro jirgin ƙasa ne mai bi ta ƙarƙashin gari, ba ruwansa da cunkoson motoci, kuma Burusel tana da shi tun 1976. Sabon layin da ake ta fama a kai shi ne na 3, an tsara zai tashi daga Albert a kudu ya ratsa tsakiyar gari ya bi ta tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord ya ɓulle Bordet can unguwar Evere, kilomita 10 da ɗan ɗori, tasha 18. Rabinsa dama akwai ramin tun da daɗewa taram ne ke bi ta ciki, wato ƙaramin jirgi mai bin dogo a cikin gari, gyara za a yi a maida shi na metro, ɗayan rabin kuma sabon haƙa ne wajen kilomita 4 da rabi da sabbin tashoshi 7 a ƙarƙashin Skarbek da Evere. Ni a Skarbek nake zaune, kuma taram 55 da aka ce metron zai maye gurbinsa shi nake shiga kullum da safe. Wanda ya san 55 da ƙarfe bakwai da rabi ya san abin da nake faɗa, mata da keken jarirai, 'yan makaranta da jakunkuna, mu masu sammakon aiki, kowa a matse kamar motar kasuwar Pitowa ranar Lahadi. Saboda haka ina cikin waɗanda suka yi murna sosai da jin za a kawo mana metro har bakin ƙofa.

'Yata ta fari an haife ta a shekarar da aka kafa shingen Stalingrad. Na sha tura ta a keken jarirai ta ɗan lungun da aka bari tsakanin shaguna da allunan shinge, wurin da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkata. Yanzu ta shiga makaranta, in mun zo wurin da ƙafarta take tafiya tana ƙoƙarin haɗa baƙaƙen da ke jikin allo, ran nan ta ɗaga kai ta ce Baba yaushe jirgin zai zo. Sai na ce mata in kin girma. Don a da ana cewa wajen 2024 ko 2025 ɓangaren farko zai fara aiki, daga baya magana ta koma bayan 2030, namu ɓangaren na arewa kuwa ko injin haƙa ba a sauke a ƙasa ba.

Abin da ya tsayar da komai wani ɗan guntun rami ne da bai wuce mita 120 ba. Akwai wani katafaren tsohon gini da ake kira Palais du Midi, an gina shi tsakanin 1875 da 1880 a matsayin kasuwa mai rufi, daga baya ƙasansa ya zama shaguna da gidajen shayi da na abinci, samansa kuma filayen wasanni da yaran unguwa ke zuwa buga ƙwallo da dambe. Ramin dole ya bi ta ƙarƙashinsa. Dabarar injiniyoyi ita ce su riƙa ɗura siminti da ƙarfi cikin ƙasa ya daskare ya zama ginshiƙai masu riƙe ginin, sannan su haƙa a tsakani ba tare da an taɓa saman ba. Da aka fara sai ƙasar ta ƙi. Taɓo ne da yashi da ruwa, simintin ba ya kamawa yadda aka lissafa a takarda, kamfanonin da suka ci marshen, wato kwangilar, suka ce ba za su ci gaba a haka ba sai an ƙara kuɗi mai yawa da lokaci mai tsawo, waɗanda suka ba da aikin suka ce ai ku kuka sa hannu kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, aka shiga ja-in-ja da lauyoyi, aiki a wurin ya tsaya tun 2021. A 2023 gwamnatin yankin ta yanke shawarar a rushe cikin ginin a bar bangayen waje, a haƙa daga sama, bayan an gama a sake ginawa. Ƙungiyoyin mazauna gari suka ce ba su yarda ba suka tafi kotu. Can Gare du Nord ma inda za a yi wa jirgin wurin juyawa a ƙarƙashin layin dogo, ruwan ƙasa ne ya tsayar da aikin.

Ni abin da ya fi damuna a labarin nan, duk ɗan garin ya san wurin tsohuwar hanyar kogi ce. Kogin Senne ya ratsa tsakiyar Burusel, tsakanin 1867 da 1871 aka rufe shi aka shimfiɗa manyan tituna a kansa saboda ƙazanta da kwalara. Sunan garin kansa masana sun ce daga wata tsohuwar kalma ya fito mai nufin mazauni a cikin fadama, kuma furen rawaya da ke jikin tutar yankin furen fadama ne. Wato ƙasar ba ta ɓoye ma kowa halinta ba.

Sai na tuna lokacin da marigayi Babanmu, Allah ya jiƙansa, zai haƙa rijiya a gidanmu na Yelwa a Garwa, ina ɗan shekara tara ko goma. Wani dattijo mai haƙar rijiya aka kira. Ranar farko bai taɓa ƙasa ba, zagaya gidan ya yi, ya shiga gidajen maƙwabta guda uku yana tambaya taku gaba nawa ce, kun iske dutse ko ba ku iske ba, da rani tana ƙafewa ko tana riƙe ruwa. Washegari ya zauna kan tabarma a zaure gaban mutum biyu ya ce ma Baba, Malam kowace gaba kaza ce muddin ƙasa muke haƙa, in mun kai dutse kuɗi zai canja kuma ina kyautata zaton za mu kai shi wajen gaba ta shida, ka sani tun yanzu. Haka kuwa aka yi, ranar da dagi ya fara ƙara ya fito daga ramin da gutsuren dutse a hannu jikinsa duk jar ƙasa ya ajiye gaban Baba. Baba ya juya dutsen ya duba ya ƙara masa kuɗin, ko musu ba a yi ba, don an riga an faɗa. Wannan dattijo bai san boko ba amma abin da ya yi shi ne abin da manyan ofisoshi suka gajarta a nan, ya tambayi ƙasa kafin ya faɗi farashi, kuma ya faɗi mummunan labarin tun ba a fara ba.

Maganar kuɗi kuwa sai ka riƙe baki. Lissafin farko na layin nan bai kai miliyar 1 na yuro ba, wato miliyan dubu. A 2025 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Beljik ta fitar da rahoto ta ce in za a gama shi duka zai ci wajen miliyar 4.7. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ku buga da kanku, ya haura miliyar 3,000 na sefa. Bijen Kamaru, wato kasafin kuɗin ƙasa, gaba ɗaya na 2025, albashi da asibiti da soja da biyan bashi, miliyar 7,300 ne da 'yan kai. Wato kilomita 10 na rami a gari ɗaya zai lashe sama da kashi 40 cikin 100 na abin da ƙasarmu ke kashewa a shekara. Kuma ba wai kuɗin na ajiye ba ne, yankin Burusel bashi ya yi masa katutu, bayan zaɓen Yuni 2024 ma sun fi shekara ba su iya kafa gwamnatin yankin ba, to wa zai sa hannu a kan irin wannan kuɗi.

Mutane suna tambaya ta yaya aiki ke ninka kuɗinsa haka, ni abin da na lura da shi a shekarun nan da nake bin labarin shi ne tun daga bakin farko ake karya farashin. Ɗan siyasa yana son a ce shi ya kawo aiki, in ya faɗi gaskiyar kuɗin ba za a amince ba, sai a ɗauki lissafi mafi daɗin ji da rana mafi kusa a sanar. Da zarar an fasa titi an tona rami shi kenan an tsoma ƙafa, gaba kura baya sayaki, in ka tsaya kuɗin da ka zuba ya tafi banza ga rami a tsakiyar gari, in ka ci gaba kuma kowace shekara sai an zo maka da sabon lissafi. Kuma jiran kansa kuɗi yake ci, wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Shantiyen da ya tsaya injinan haya suna nan ana biya, masu gadi suna nan, famfunan da ke janye ruwa daga ramin dare da rana suke aiki. Kana cikin wannan korona ta zo, yaƙin Yukren ya biyo baya a 2022, ƙarfe da siminti da wuta suka tashi, da aka nemi kamfanoni su kawo tayin ɓangaren arewa a 2023 abin da suka rubuta ya wuce tsammanin kowa nesa ba kusa ba. Ga kuma yawan masu faɗa a ji, gwamnatin tarayya da ta yanki da kananan hukumomi 19 a gari ɗaya, ɓangaren kudu a hannun wata hukuma na arewa a hannun wata.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne 'yan kasuwar layin, yawancinsu 'yan asalin Maroko. Akwai wani dattijo mai gidan shayi da nake zama wurinsa tun ina sabon zuwa, Alhaji nake ce masa. Da can in ka zo da yamma kujeru har bakin titi, matafiya daga gar ɗin Midi da akwatunansu, masu zuwa sayen kayan buɗa baki in azumi ya zo, sai ka jira a tashi kafin ka samu wurin zama. Ranar Juma'ar nan da na shiga mu uku ne, yana goge kofunan da ba wanda ya sha da su. Ya ce mini ɗana, ƙura da ƙara duk mun jure, abin da ya karya ni shi ne ban san ranar da zan ce ma mai gidan haya ka ƙara mini haƙuri zuwa lokaci kaza ba. An ba su diyya, wasu an maida su cikin kwantena a gefen shantiye su ci gaba da ciniki, amma ya ce diyyar ba ta dawo maka da mutumin da ya saba da wani shago a wata unguwa.

To Yaya har nan kana da gaskiya, kuma ba Burusel kaɗai ba. Layin Elizabeth na Landan a Disamba 2018 aka ce za a buɗe, sai Mayu 2022 aka buɗe, kuɗinsa daga fam miliyar 14.8 ya kai kusan 19. Metron Aljiyas tun shekarun 1980 aka fara sai 2011 mutane suka shiga. Na Abijan an ƙaddamar a Nuwamba 2017 har yanzu ana kai. Haƙa a ƙarƙashin gari abu ne mai wuya ko'ina, wannan ba musu.

Amma mu duba namu da idon gaskiya. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, nan ya tsaya. Babanmu yana saurayi aka fara cewa zai wuce Garwa ya kai Marwa, ya rasu bai gani ba, mu muka taso muka iske zancen, a 2014 Kamaru da Cadi suka sa hannu a kan za a ja shi har Injamena, aka yi nazari, yau shekara 50 da ɗori kenan duk kayan da ya taso daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a jirgin ƙasa in ya zo Ngaundare sai an sauke an ɗora wa su Yaya a mota. Su kuma su gangara falez ɗin nan, gangaren dutse mai cin burki, su bi hanyar Garwa da ramuka suka cinye, su wuce Marwa da Mora su faɗa hanyar Waza da Dabanga. Kilomita 205 ne daga Mora zuwa Kusiri, kuma kowa ya san abin da ya faru, a Mayu 2014 aka kai hari Waza aka sace 'yan Sin 10 da ke aikin hanyar, sai Oktoba aka sako su, aiki ya watse, daga baya aka damƙa wa injiniyoyin soja, bai kai ko'ina ba, kwanan baya aka sake ɗaukowa da sabon rancen Bankin Duniya. Rashin tsaron nan gaskiya ne, mutane sun mutu, ba zan raina shi ba. Amma otorut ɗin Yawunde zuwa Duwala fa, wato babbar hanyar mota, can ba Boko Haram, an fara a 2014 kuma kilomita 60 na farko sai da suka ci shekara 7. Kan ɗin 2019 fa, gasar ƙwallo ta kofin Afirka, da aka ƙwace mana a ƙarshen Nuwamba 2018 aka kai Masar saboda filaye da hanyoyi ba su shirya ba.

Zuwana gida na ƙarshe da damina na bi hanyar daga Marwa zuwa Kusiri don ta'aziyya. Bayan Waza muka iske layin manyan motoci a tsaye, ɗaya ta nutse har gindi a cikin baƙar lakar nan ta karal da ake shuka masakwa, irin ƙasar da in ta sha ruwa ta kumbura ta zama kamar sabulu in ta bushe ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige. Yaran mota suna ta tura itace da duwatsu ƙarƙashin taya, direbobi sun shimfiɗa tabarma a inuwar tirela suna dafa shayi don sun san kwana ya kama su. Wani mai albasa yana kwance buhu ɗaya ɗaya yana ware wadda ta fara ruɓewa yana jefarwa gefen hanya, bai ce ma kowa komai ba. A motarmu akwai wata mata da ɗa mara lafiya a cinya tana ta shafa masa ruwa a goshi. Duk manomin yankin ya san halin wannan ƙasa kamar yadda ɗan Burusel ya san fadamar Senne, kuma duk hanyar da aka zuba wa gudron, wato kwalta, sama sama ba a ɗaga ta ba, ba a yi mata magudanan ruwa ba, damina biyu ta ishe ta.

Nan ne na rabu da maganar Yaya. Ni da metro bai zo ba, taram 55 yana zuwa duk 'yan mintoci, a matse dai amma ina isa aiki, in 'yata ta yi zazzaɓi da dare asibiti na kusa. Jinkirin nan ya ɓata mana rai ya karya wasu 'yan kasuwa, amma garin yana tafiya. A gida in hanya ɗaya ta tsaya ba ta biyu. Kwanan da mota ta yi a Dabanga yana cikin kuɗin buhun shinkafa a Kusiri da buhun siminti a Injamena, talakan da bai taɓa bin hanyar ba ma yana biya a kasuwa. Lokacin da gadar Palar ta karye a Marwa a damina ta 2020 kowa ya ga yadda gari da duk abin da ke arewacinsa suka shiga wani hali.

Sannan akwai abu na biyu wanda shi ne ainihin abin da ya sa na rubuta. Duk lissafin da na kawo muku na Burusel, mita 120 da miliyar 4.7 da shekarun, ba wani babba na sani ba, a jaridar da ake karantawa a taram na gani da labaran yamma. Kotun binciken kuɗi ta shiga takardun aikin ta fito ta faɗi abin da ta iske, har da cewa ba a binciki ƙasar yadda ya kamata ba, aka buga kowa ya karanta. 'Yan majalisar yankin suna kiran ministoci da shugabannin hukumomin su zauna a yi musu tambaya ana nunawa kai tsaye. Alhaji mai shayi ya halarci taron unguwa ya miƙe ya faɗa musu abin da ke ransa ido da ido. Wannan duk bai haƙa ramin ba, kuma ba zan ce muku an ɗaure wani ba, amma ɗan siyasar da zai zo gobe da irin wannan alkawari ya san mutane suna riƙe da lissafin jiya.

Mu a gida me muke da shi, allon shantiye. Kowa ya san shi, a bakin hanya an rubuta sunan aiki da mai ba da kuɗi da wa'adi, wata 18 ko wata 24. Wa'adin ya wuce, rana ta cinye fentin, tsatsa ta kama ƙafafun, awaki suna kwana a inuwarsa, kuma ba wanda ya fito ya ce jama'a ga abin da ya faru, ga abin da aka kashe, ga abin da ya rage, ga sabuwar rana. Sai dai ka ji a bakin mutane wai kamfanin ya gudu, wai ba a biya shi ba, wai an yi ƙari a kan marshen. Wai da wai. In an zo kamfen a sake aza harsashi a wurin da aka taɓa azawa, a kawo masu kalangu da mahaya dawaki, mu kuma mu tafa.

Kuma ba wai ba mu da kayan aikin ba. Kamaru tana da ɗakin binciken kuɗi a Kotun Ƙoli, kuma a 2021 da suka binciki asusun korona na sefa miliyar 180 suka fitar da rahoto duk ƙasa ta ɗauka, har masu kilando, wato 'yan babur ɗin haya, a bakin kasuwa suna maganar. To me ya hana a yi irin wannan a kan manyan hanyoyin arewa? Duk shekara kuma gwamnati tana buga kundin ayyukan bije, gari gari, aji biyu a ƙauye kaza, foraj, wato rijiyar burtsatse, a unguwa kaza, da kuɗin kowanne. Yaranmu da suka gama jami'ar Marwa da ta Ngaundare suna zaune da waya a hannu, su sauko da shafin garinsu su fassara mana da Hausa da Fulatanci su je su duba ko aikin na nan a ƙasa. Limamai da lawanai da lamiɓe in depite, wato ɗan majalisa, ya zo gaisuwa su tambaye shi cikin mutunci, ranka ya daɗe aikin nan wa'adinsa ya wuce ina aka kwana. Wannan ba rashin kunya ba ne kuma ba adawa ba ce, rancen da aka ci da sunan hanyar 'ya'yanmu ne za su biya.

In an yi abin kirki kuma mu faɗa. Gadar Yagwa da Bongor a kan Logon, mita 620, an aza harsashi a farkon 2020 an buɗe a Afrilu 2025, ta makara amma ga ta nan ana bi, wanda ya taɓa tsallaka wurin da kwalekwale da ruwa ya cika ya san darajarta. Garwa ma ta samu tituna da gyaran filin Rumde Ajiya albarkacin Kan ɗin da aka buga a farkon 2022. Ana iya gamawa in an so.

Ni kaina shekarun nan sun canja mini ra'ayi. Da ina ganin masu cewa a bar metron arewa a gyara taram a ƙara masa yawa a ba shi hanyarsa shi kaɗai, mutane ne masu ƙin ci gaba. Yanzu ina ganin da an saurare su da tuni muna cin moriyar, da kuɗin da bai kai ko kusa da wannan ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shi ya sa in na ji ana maganar taram a Duwala ko Yawunde, ko jan layin dogo zuwa Injamena, ina so ƙwarai wallahi ina so, ina fatan in shiga jirgi a Yawunde da yamma in sauka a Garwa da 'ya'yana. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa ma naka ruwa. Ƙasar da ke da yuro da injiniyoyi birjik mita 120 na taɓo ya tsayar da ita shekara da shekaru, to mu da za mu ratsa falez da kogin Binuwai da fadamun yayre da karal da kuɗin rance, dole a fara yin abin da dattijon nan mai rijiya ya yi, a tambayi ƙasa, a faɗa mana farashin har da na dutsen da za a iske, kuma kafin nan a gama mana hanyar da ake bi yau.

Jiya da dare na kira Yaya na faɗa masa duk wannan. Ya taso daga Ngaundare da siminti tun Litinin, yana Mora ya kwana yana jiran safiya su kama hanya tare da sauran motoci. Ya saurare ni har na gama ya ce "na ji ƙanena, amma ku da kuke waje kun fi mu bakin magana, mu in mun yi magana gobe a hanya muke". Na ce masa to Yaya abu ɗaya kawai za ka yi mini, in ka wuce allon shantiye ka ɗauko mini hotonsa yadda wa'adin da kuɗin za su fito sosai, ni zan nemi sauran. Ya ce akwai ɗaya a fitar Mora, in gari ya waye zai duba ko rubutun bai goge ba.